Abin da Kawu Ya Rage

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa, wanda ya ba ɗan Adam harshe kuma zai tambaye shi abin da ya yi da shi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Shango, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Mutanen Minna ba su cika kiransa da sunansa ba, Tafinta suke cewa, domin ya yi shekaru yana aikin tafinta a kotu, yana juya Gwaranci da Fillanci da Nufanci zuwa Hausa. Bayan ya ajiye aiki sai ya zama shi ake aikawa neman aure, shi ake aikawa biko, shi ake kira idan shanu sun shiga gona.

Kwana uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Wani ardo ya zo daga wajen Maikunkele, ya jingine sandarsa, ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce mini, "Malam, mu dai mun iya jin zafi, ba mu iya faɗinsa ba. Shi ne yake faɗa mana." Wani fasto ya zo da dattawan cocinsa, ya tsaya gefe har muka shafa fatiha. Sai wani tsohon masinjan kotu, abokin tsokanar Kawu, ya zauna yana goge ido da hularsa ya ce, "Ni ba ta'aziyyar yau na zo ba. Tafinta ya mutu shekara shida ke nan, yau dai kuka samu damar binne shi."

Wasu suka ji haushi. Ni ban ji ba, don gaskiya ya faɗa. Shekara shida Kawu bai sake buɗe baki a gaban taro ba.

Duk lokacin da na shiga cikin gida, matarsa, wadda muke kira Inna, takan ɗago kai daga cikin mata ta tambaye ni abu ɗaya: "Ta zo?" Nakan ce ba ta zo ba. Wadda take nufi ita ce matar aminin Kawu, wata dattijuwa Bagwariya, Kirista, da ke zaune a Maitumbi. A rana ta uku Inna ta miƙo mini wata takarda da ta samu a cikin gafakarsa, an rubuta da ajami, domin ya san a gidan nan ni kaɗai nake karanta shi. Wasiyya ce. Ya ɗora mini in je in nema masa gafarar matar nan. Duk wanda ya zauna gaban malamai ya san nauyin wannan: laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin mutum daban, shi wannan sai mai shi ya yafe.

Kafin in faɗi yadda muka yi da ita, bari in faɗi wane ne Kawu, don kada a tuna shi da abu ɗaya kawai.

Ba shi da babbar murya. Gajere ne, yana da wushirya, kuma bai taɓa zama na farkon magana a taro ba. Idan aka ba shi dama yakan nemi ruwa tukuna, ya sha a hankali, idonsa na yawo bisa fuskoki. Na taɓa tambayarsa ko ƙishirwa ce ke damunsa kullum. Ya ce, "Ina duba wanda ya zo da fushi ne, da wanda ya zo da tsoro, da wanda aka tilasta wa zuwa. Ba magana ɗaya za ka yi musu ba."

Ranar da na fara yin jawabi a bainar jama'a, wurin walimar wani maƙwabci, na yi shiri na mako guda. Na cika zancen da Larabci, na ɗaga murya inda ya kamata, na sauke inda ya kamata. Da muka taso ina jiran yabo, sai ya ce, "Alaramma, mutum nawa ka yi wa magana?"

Na ce, "Sun kusa cika layin nan, Kawu."

"Shi ya sa babu wanda ya ji. Na ga mai shayi yana hamma har ana ganin belinsa. Gobe ka zaɓi mutum ɗaya, wanda ya fi kowa ƙin abin da ka zo da shi, ka yi magana da shi kaɗai. Sauran za su biyo."

"To Larabcin fa?"

"Larabcin ya yi kyau. Kai ka ji daɗinsa."

Na yi kwana biyu ban je gaishe shi ba. A na uku ya aiko mini da soyayyar doya da yaji, da saƙon cewa mai fushi ma yana cin abinci.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne wanda yake kira sauke kaya. Yakan ce mutumin da ya zo wurin sulhu kamar matan Gwari yake idan sun taso daga daji da itace a kafaɗa: ko zinariya ka miƙa musu ba su da hannun karɓa sai sun sauke. Na gani da idona a wata gona bayan Maikunkele, inda shanu suka tattake kunyoyin doya. Mutane sun tsaya gefe biyu, wasu da adda, wasu da sanda. Kawu bai fara da haƙuri ba, bai fara da wa'azi ba. Ya juya ya fuskanci makiyayan, ya faɗa musu kukan manomin da Fillanci: wata nawa ya yi yana tara ƙasar nan, irin da ya hana kansa ci don ya dasa, 'ya'yan da ke jiran doyar. Ya faɗe shi fiye da yadda manomin zai iya. Sannan ya waiwaya ya tambaye shi, "Haka ne? Na rage wani abu?"

Manomin ya ce, "Ba ka rage ba."

Sai ya juya ga manoma, ya faɗa musu kukan makiyayi da Gwaranci: burtalin da aka nome, mashayar da aka kewaye da gona, saniyar da aka sare wa ƙafa bara. Ya tambayi ardo, "Na rage wani abu?" Sai da kowanne ya ce a'a, sannan ya faɗi nasa ra'ayin, a jimla huɗu ko biyar. Na ga addar da aka ɗaga ta koma ƙarƙashin hammata.

A hanyar komawa ya ce mini, "Kada ka taɓa faɗin naka sai ka faɗi na abokin gardamarka har ya yarda ba ka rage komai ba. Hujja takan zo daga baya, kuma kaɗan ta isa. Amma ka sani, kafin su saurari hujjarka kai suke saurara. Ardon nan ya yarda da ni ne don shekara ashirin ban taɓa karkatar masa da magana a kotu ba. Ranar da na yi sau ɗaya, shi ke nan."

A kotun nan ya samu amininsa. Manomin doya ne daga wani ƙauye can wajen duwatsu, aka kawo shi a kan rikicin iyakar gona, ba ya jin Hausa sosai. Kawu ya fassara masa kalma da kalma, da aka tashi kuma ya ga ba shi da inda zai kwana, ya kawo shi gida. Daga nan aminci ya ƙullu. Duk shekara sabuwar doya ba ta shiga kasuwa sai ta fara shigowa gidanmu. Ranar Kirsimeti Kawu yakan je ƙauyen, su ba shi wuƙa ya yanka musu akuya da kansa don ya ci tare da su. Suna tsokanar juna kamar yara. Aminin ya ce, "Kai da bakinka kake noma." Kawu ya ce, "Ai shi ya sa bayana bai lanƙwashe ba."

Sai 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Aminin ya gudo Minna da matarsa da ɗansa, suka raɓe a wani gini da ba a gama ba a Maitumbi, buhu a madadin taga. Damina ta ɗauke, doyarsa ta ƙosa a ƙasa, shi kuwa yana zaune kan bulo tun safe har yamma yana kallon masu Keke Napep. Ya rame. Yana son ya koma ya haƙo ko da rabi, matarsa ta ce sai dai bayan ranta. Shi mutum ne da ba ya ƙetare maganarta. Sai ya zo wurin Kawu ya ce, "Ka yi mata magana. Kai kaɗai take ji."

Ni na raka Kawu, da safe ne. Ya nemi ruwa, ta kawo masa a kofin roba. Sannan ya sauke mata kaya. Ya faɗi daren da suka gudo, da maƙwabciyarta da ba ta ƙara gani ba, da yadda take zabura idan babur ya wuce. Ya ce ta gwammace miji mai yunwa da miji a kabari. Tana kuka tana gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne? Na rage wani abu?"

Ta ce, "Baba, ba ka rage ba."

Daga nan ya sassauta murya. Ya nuna mata mijin da ke zaune a waje, ya ce mutumin nan mutuwa yake yi a zaune, a gaban idonta. Ya ce wasu sun koma sun dawo lafiya. Ya ce kwana uku kacal, da rana tsaka, ba kwana a gona. Ya yi shiru daidai inda ya kamata. Ina zaune ina jin daɗi a raina, ina cewa yau na ga gwaninta. Ta share ido da bakin zani ta ce, "To. Tunda Baba ya ce."

A rana ta biyu da tafiyar aminin, 'yan bindigar suka same shi a gonar. Da aka samu damar ɗauko gawarsa, fartanyarsa na nan kusa da shi, da tulin doyar da ya haƙa.

Kawu ya je jana'izar, ya tsaya bayan kowa. Aka roƙe shi ya ce wani abu, ya girgiza kai. Tun daga ranar ya daina. Aka zo neman ya je biko ya ce a nemi wani. Ardo ya aiko sau uku. Ya koma daga gida sai masallaci, sai zama ƙarƙashin mangwaro da casbi. Duk wata yakan ɗauki ɗan abinci ya kai Maitumbi, ya zauna a bakin ƙofa, ta gaishe shi da kalma biyu ta shige ciki. Mu duka mun ɗauka baƙin ciki ne kawai. Nakan ce masa, "Kawu, ajali ne. Ba kai ka riƙe bindigar ba." Ya dube ni ya ce, "Alaramma, ka iya magana yanzu." Ban gane cewa zagi ne ba sai da na karanta takardar.

Ga abin da ke ciki, yadda ya rubuta da hannunsa:

"Ɗan ƙanwata, ka je wurin matar aminina. Ka gaya mata, a safiyar da na je lallashinta, kafin in fito gida, wani makiyayi ya tsaya ya ce mini an ga baburan mutanen nan a rafin da ke bayan ƙauyensu, kada kowa ya bi hanyar a makon nan. Na ji. Na ce a raina jita-jita ce, domin aminina ya roƙe ni, kuma domin na san idan na faɗa, maganata ba za ta ci ba. Ban saba a kayar da ni ba. Na tambaye ta ko na rage wani abu alhali na san na rage. Ka karanta mata haka. Kada ka sauke mata kaya, kada ka yi amfani da komai cikin abin da na koya maka. Idan ta yafe don daɗin bakinka, an cuce ta sau biyu."

Inna ta sa na karanta mata. Da na gama ta riƙe hannun rigata.

"Ba za ka karanta mata wannan ba."

"Inna, wasiyya ce."

"Matar da ko ta'aziyya ba ta zo ba, ita za ka gaya wa ya sani? Kana so ya kwanta da wannan a wuyansa har tashin ƙiyama? Ka je ka yi mata magana mai daɗi. Ka tuna mata wanda ya ba mijinta wurin kwana. Ka iya, ai shi ya koya maka. Ta ce ta yafe, ka dawo, mu ƙone takardar."

Na san zan iya. Na san inda zan fara, na san inda zan yi shiru. Kuma ina son Kawu fiye da yadda zan iya rubutawa. Da na hau Keke Napep washegari da safe, takardar na aljihuna, ban yanke shawara ba.

Na same ta a bakin titi a Maitumbi tana gasa doya a kan waya, doyar da take sarowa a kasuwa, ita da mijinta ya cika rumbuna da ita. Ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Sannu Malam. Na ji mutuwa." Ta ja mini benci.

Bakina ya riga ni. Na ji ina cewa, "Mama, na san shekarun nan shida ba wanda ya san abin da kika ɗauka, ke kaɗai, ga haya, ga..."

Ta ɗaga wuƙar da take kankare doya. "Kar ka yi min irin na shi. Ko muryar ma irin na shi ne. In kana da magana, faɗi. In ba ka da, ga doya, ci ka tafi."

Kunya ta rufe ni. Na ciro takardar, na karanta daga farko har ƙarshe, da murya irin ta mai karanta allo, ban ɗaga ba, ban sauke ba. Motoci na wucewa. Wani ya zo sayen doya ta ce masa babu.

Ta daɗe tana kallon garwashi. Sannan ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

"Matar makiyayin nan tana kawo nono nan layin. Tun shekara na farko ta faɗa min. Ta ce ai mijinta ya gaya ma Baba." Ta juya doyar da ta fara ƙonewa. "Duk wata yana zuwa, yana zauna a can. Ina kawo mishi ruwa. Ina cewa yau zai faɗa. Mutumin da ya fi kowa iya magana a Minna. Ya sha ruwa, ya tashi, ya tafi."



Ta ce, "Yaro na yana ciki. Shekara shida ba ya cin abinci na da daɗi. Yana cewa ni na bar baban shi ya tafi, ni na ce to. Na faɗa mishi abin da mai nono ta ce, ya ce ƙarya nake ma Baba don in wanke kai na. Ka shiga ka karanta mishi."

Na shiga. Ɗan nata magidanci ne yanzu, yana gyaran babur. Na sake karantawa a tsaye. Ya goge hannunsa da tsumma, ya fita, ya je ya tsuguna kusa da uwarsa, ya karɓi wuƙar daga hannunta ya ci gaba da kankare doyar. Ita kuwa ta rufe fuska da zani.

Na jira har ta natsu. Sannan na yi tambayar da aka aiko ni da ita, ba ado: "Mama, kin yafe masa?"

Ta miƙo hannu, na ba ta takardar. Ba ta karanta ajami, amma ta ninke ta ta ƙulle a bakin zani.

"Ka ce ma matar shi sannu. Na san yadda ɗaki yake in miji ba ya ciki. Zan zo in gaishe ta." Ta juya doyar da ke kan waya. "Wancan ɗin, ban gama ba. Yau-yau ya faɗa. Ni na jira shekara shida, shi ma ya jira."

Da na koma Shango, Inna na zaune inda na bar ta. Na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta yi kuka mai tsawo, sannan ta ce, "Da ka lallashe ta da ta yafe."

Na ce, "Da ta ce ta yafe, Inna."

Har yau akwai ɗan sanyi tsakanina da ita.

Matar aminin ta zo ranar addu'ar bakwai. Ta zauna kusa da Inna tun hantsi har azahar, ta sha ruwa, ta tafi. Ba ta ambaci Kawu ba.

Na rubuta wannan da ajami tukuna, kamar yadda na saba, sannan na juya shi zuwa boko don 'ya'yanmu. Wasu cikin dangi sun ce in tsaya a kan gonakin da ya hana a zubar da jini a cikinsu, da auren da ya gyara, in bar sauran. Duk gaskiya ne, kuma suna da yawa. Amma mutumin da ya koya mini tambayar nan ba zan rubuta shi in rage ba. Yanzu ni ardo ke aiko wa. Nakan je, nakan nemi ruwa, nakan sauke wa kowa kayansa. Sai dai kafin in tambayi wani ko na rage, nakan tsaya in tambayi kaina, kuma sau biyu ke nan ina faɗin abin da ya rushe maganata, na tashi daga taro an kayar da ni.

Duk wata ina zuwa Maitumbi. Ina zama a bencin, ta ba ni doya, mu yi hirar tsadar gawayi. Ba na tambaya.

Wanda ya karanta wannan, ya roƙa wa Kawuna rahama. Allah ya haskaka kabarinsa, ya karɓi shirunsa na shekara shida, ya jiƙan duk waɗanda aka kashe a gonakinsu. Ita kuma Allah ya ba ta tsawon rai, har ta gama.